Ƙusa a Bututun Birki

A kakar 2023, wata ranar Talata da la'asar sakaliya, na buge sa da mota a kan kwaltar da ta tashi daga Magariya zuwa Damagaram, kaɗan bayan an wuce Bande. San ya karye a ƙafar gaba, aka yanka shi a bakin hanya kafin a kira magariba. Yaron da ke korar amalanken, ɗan shekara 12 ko 13, ya faɗi ya karye a hannun hagu. Duk wanda ya taru a wurin da labari ɗaya ya koma gida: yaro ne ya fito kan hanya bai duba ba. Ni kuwa na bar su suka tafi da wannan labarin, alhali na san mako bakwai ke nan akwai ƙusa a cikin bututun birkin motata, kuma da yardata aka sa ta.

Sana'ata sayen amfanin gona. Ina bin ƙauyukan Dungas, wajen Malawa da Dogo-Dogo da Guci, in sayi riɗi da wake, wani lokaci gyaɗa. In hanya na buɗe, ranar Alhamis in kai Maigatari, ko kuwa in tara a Magariya a bi da shi ta Tinkim da Babban Mutum zuwa Kano. Motar tsohuwar Hilux ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke ce wa bashe. Ta gama rayuwarta ta fari a Turai, ta sauka Kwatano, ta bi hannu biyu kafin ta zo nawa. Kusan duk motocinmu haka suke, kuma ba aibi ba ne. Tsohuwar mota ba ta ɓoye ciwonta. Tawa ta faɗa mini nata sau huɗu, a fili, cikin wata shida.

Birkin hannu ne ya fara magana, tun cikin bazara. Da can ina ɗan jawo shi yake kamawa. Sannu a hankali sai na ga ina jawo shi har ƙarshe, motar kuma in da ɗan gangare tana silalewa. Ɗan ƙanwata da ke yi mini aparanti ya koma yawo da guntun icce, duk inda muka tsaya ya dira ya tokare taya. Na tsaya wurin wani mai gyara a bakin tasha na ce a ɗaure mini waya. Ya ce, "Alhaji, ko mu buɗe tambur mu gani?" Na ce ina sauri. Ya shiga ƙarƙashi ya juya noti, na ba shi dala ɗari, birkin hannu ya dawo yana kamawa da wuri. Na tafi ina jin na yi gyara.

Ban yi ba. A irin wannan mota, wayar birkin hannu ba wani birki dabam take ja ba. Garnitir ɗin da ke cikin tambur na baya take buɗawa, wato waɗancan ƙarafa biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata da aka liƙa wa abin gogayya a bayansu. Waɗanda suka koyi aiki a Damagaram garnitir suke cewa, waɗanda suka koya a Kano su ce lainin, abu ɗaya ne. In suka cinye, ko kuma ɗan ƙarfen nan mai haƙora da ke matsar da su kusa da tambur ya cije saboda rairayi da tsatsa, tazarar da ke tsakaninsu da tambur sai ta ƙaru, hannunka kuma ya yi tafiya mai nisa kafin su taɓa. Wayar lafiyarta ƙalau. Saƙo kawai ta kawo mini, na sa aka shaƙe ta.

Bayan nan ƙafa ta fara nitsewa. In na taka birki sai feda ta yi ƙasa fiye da yadda na saba, in na saki na sake takawa da sauri sai ta tsaya sama. Duk direban da ya daɗe a hanya ya san wannan taka-biyu, kuma abin tsoron shi ne ƙafa tana koyon sa ba tare da ta shawarci kai ba. Cikin mako biyu na daina lura ina yi. Sai ƙara ta biyo baya, wani gurzo kamar ana wasa wuƙa a kan dutse, musamman da safe ko in ina ja da baya. Na ce rairayi ne. Kuma a ƙasarmu wannan magana tana da gaskiyarta, don babu motar da za ta yini a hanyoyin Dungas rairayi bai shiga tamburinta ba. Sai dai ƙarar rairayi tana zuwa ta wuce bayan ka taka sau biyu ko uku. Tawa kullum tana nan, kullum daga baya ta dama, kuma tana ƙara kauri.

Na huɗu shi ne mai. Da damina ta kankama, muna ratsa ruwa a kwaruruka kusan kowace rana, sai jar fitilar birki ta fara kamawa a allon gabana ko da na sauke birkin hannu. Na buɗe gaba na ga man birki ya yi ƙasa. Na sayi kwalba na cika. Bayan kwana biyar ya sake sauka. Man birki ba fetur ba ne, mota ba ta shan sa. Yakan ɗan sauka a hankali cikin watanni yayin da filaket, wato irin garnitir ɗin birkin gaba, ke cinyewa, amma in ka ga kana ƙari kowane mako, to wani wuri yake fita. Ɗan ƙanwata ya nuna mini wurin da yatsa. Ya ce, "Kawu, dubi cikin tayar baya ta hagu, a jiƙe take, kuma ba ruwa ba ne." Na duƙa na gani: wani baƙin danshi mai maiƙo ya biyo ƙasan tambur, ƙura ta manne masa. Na ce masa in an gama damina za mu duba. Fitilar kuwa ta dame ni da dare, tana haska mini ido, sai na yanki ɗan salatif baƙi na rufe ta.

A watan Satumba, a wani ƙauye gaba da Dungas ta hanyar Malawa, na taka birki feda ta tafi kusan ƙasa. Robar ƙaramar silindar da ke cikin tambur na hagu ta gama mutuwa, mai yana ɗiga a ƙasa muna kallo. Garin ba gareji, sai wani saurayi mai gyaran babura a gindin bedi. Ya kwance bututun da ke kai mai ga wannan taya, ya yanko kan ƙusa ya toshe bakin, ya mayar ya ɗaure, muka cika mai muka fitar da iska. Ba zan ɗora masa komai ba. Ya taimake ni a inda babu wani mai taimako, kuma da yana wanke hannu ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan gida kawai zai kai ka. Gobe ka kai ta wurin masu ita." Sau biyu ya faɗa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya kamata duk mai mota ya ji tsoro. Da aka sa ƙusar, motar ta zama kamar ta warke. Feda ta dawo sama ta yi tauri, don yanzu taya uku take ciyarwa ba huɗu ba, kuma babu inda mai ke zurarewa. Mai ya daina sauka. Na ɓare salatif na ga fitila ta mutu. Kusan duk abin da ke damuna wata da watanni ya ɓace a yini ɗaya, da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa biyu ba. Gobe ta zo ban je ba. Jibi kasuwa ce. Ranar da ta biyo baya akwai wanda ya yi mini alkawarin wake buhu 6.

Ina da hujjoji, kuma a lokacin na riƙe su da ƙarfi. Tun ranar 29 ga Mayu da Najeriya ta janye tallafin mai, fetur ɗin ƴan ruwa-ruwa da muka dogara da shi a bakin iyaka ya yi tashin gwauron zabo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a ƙasarmu, CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, kuma ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. Kayan gyaran da muka saba aikawa a sayo a Ƙofar Ruwa ta Kano, su iso cikin kwana ɗaya, suka koma bin ɓarauniyar hanya a bayan babur, kuɗinsu ya hau. Duk wannan gaskiya ne. Amma Damagaram ba ta kai kilomita 100 daga Magariya ba, ba iyaka tsakaninmu da ita, kuma akwai kayan a can. Kuɗin duka aikin bai kai na buhun riɗi biyu ba. Abin da na ƙi bayarwa yini ɗaya ne a tsakiyar kaka, lokacin da in ba ka isa ƙauye da safe ba wani ya riga ka.

Sannan akwai maganar da muke faɗa wa juna a tasha har ta zauna mana kamar karatu: wai birkin baya rakiya kawai yake yi, na gaba ke tsai da mota. Rabin maganar daidai ne. In ka taka birki nauyin mota gaba yake zubawa, shi ya sa na gaba ke ɗaukar kashi biyu cikin uku na aikin ko fiye. Bashe in babu kaya bayanta ba nauyi, har ma masu ƙera ta sun sa wani bawul a kusa da gatarin baya, da ɗan sanda mai auna yadda bayan ya zauna. In babu kaya, sai ya rage ƙarfin man da ke zuwa baya don kada tayoyin su cije motar ta juya. In an yi lodi bayan ya zauna, sai ya buɗe, don a lokacin tayoyin baya ne ke ɗauke da mafi yawan nauyi, kuma da su ake tsayawa. Wato ranar da ba ka da kaya ba za ka san birkin bayanka ya mutu ba. Ranar da ka fi bukatarsa ita ce ranar da za ka sani.

Dubi yadda aikina yake. Da safe ina fita wayam, a nan nake gwada birki, in ji ya kama. Da yamma ina dawowa da kaya, amma a kan rairayi, da giya ta biyu, inda da ka ɗaga ƙafa daga totur ƙasa da kanta ke riƙe ka. Mako bakwai ban taɓa haɗa abu uku a lokaci ɗaya ba: kaya, kwalta da gudu. Rufe iyaka ne ya haɗa mini su, don riɗin da zan kai Maigatari dole na juya da shi arewa, wurin wani mai saye a Damagaram. Na ɗora buhu 18 a motar da aka ƙera don abin da bai wuce tan 1 ba. Wannan ma laifi ne mai zaman kansa.

Bande gari ne na rake. Fadamun Korama sun kewaye shi, kuma daga ƙarshen kaka amalanke ba ya yankewa tsakanin lambuna da bakin kwalta. Na san haka, na bi hanyar ba sau ɗari ba. Ina tafiya wajen kilomita 80 a awa, rana ta yi ƙasa ta hagu, sai na hangi kawunan shanu biyu suna haurowa daga dama, daidai gaba da wani babban gawo. Na gan su da wuri. Ina so a rubuta wannan: na gan su da wuri. Ina daidai gawon na taka birki, da dukan ƙarfina.

Gaba ya duƙa, tayoyin gaba suka yi kuka, amma bayan motar bai san an taka komai ba. Nauyin buhunan nan ya ci gaba da tura mu kamar hannu a ƙeya. Sai gurzon nan ya tashi daga baya ta dama, da ƙarfin da ban taɓa ji ba, motar ta fara jan dama, wajen amalanken. Ina murɗa sitiyari hagu tana ƙi. Yaron ya miƙe tsaye a kan rake yana jan igiya da hannu biyu. Lokacin da muka isa gare su gudun ya ragu ƙwarai, da a ce akwai sauran taki kaɗan da mun tsaya. Babu. Kusurwar dama ta sami san da ke ɓangarenmu a kafaɗa, amalanken ya karkace, rake ya watse a kwalta, yaron ya faɗa a kan hannunsa.

Kafin in fito mutane sun fara fitowa daga lambuna. Wani dattijo ya duba ƙafar san ya girgiza kai, aka aika a kira mahauci. Uban yaron ya iso da gudu, ƙafafunsa duk taɓo, ya dubi san da ke kwance yana huci, ya dubi ɗansa da ke zaune riƙe da hannu, bai tambayi kowa komai ba ya kai masa mari. Ya ce, "Sau nawa na ce ka tsaya ka duba?" Mutane suka riƙe shi. Wani ya ce yaran yanzu ba sa ji. Wani ya ce ai mai motar ya yi ƙoƙari, dubi yadda taya ta zana kwalta. Ina tsaye ina jin su. Zanen da suke nunawa layi biyu ne na tayoyin gaba. Wanda ya san mota da ya tambayi ina na baya. Ba wanda ya tambaya, ni kuma ban faɗa ba.

Na ɗauki yaron da ubansa a motar wani muka kai shi asibiti, aka ɗaure hannun, na biya. Da dare muka zauna gaban mai gari. Uban ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, kuma ɗansa ne ya shiga hanya, don haka ba ya neman komai a wurina. Na ba shi jaka 30 na ce a yi wa yaro sannu, har aka yi mini godiya, aka ce na nuna halin girma. Naman san kuwa mahauci ya saya a kuɗin da bai kai rabin kuɗin sa mai rai ba, don naman da aka yanka dole da magariba ba a ciniki a kansa. Wanda ya san ƙauye ya san abin da aka rasa: san huɗa ba nama ba ne. Shi ne garma da damina, shi ne amalanke da rani, kuma sai an shekara ana horar da shi kafin ya daidaita da ɗan'uwansa a ƙarƙashin karkiya ɗaya.

Muka sauke buhunan a shagon wani a Bande, muka lallaɓa muka koma Magariya. Duk hanyar ɗan ƙanwata bai ce uffan ba. Shi ne ya riƙe wa mai gyaran babur fitila ranar da aka sa ƙusar. Da muka isa ƙofar gida ya sauka ya ɗauko guntun iccensa ya tokare taya, ya ce, "Sai da safe, Kawu," bai dube ni ba.

Kwana biyu bayan haka na kai motar garejin wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci kafin ƙarfi ya ragu. Na ce a gyara fitila da bamba. Ya zagaya motar, ya duƙa a baya ta hagu, ya daɗe, sannan ya ce wa yaransa su kawo jak. Bai tambaye ni ba.

Tambur na hagu ya fita da sauƙi. Ciki baƙi ƙirin, ƙura da man birki sun cakuɗe sun zama kamar kwalli da aka dama. Garnitir ɗin da sauran nama a jikinsu, amma sun sha mai sun yi laushi. Ya ce ko da ba a toshe bututun ba waɗannan sun gama aiki, don garnitir da ya sha mai ba ya wankuwa. Ka wanke da fetur ya bushe a ido, da ya ɗau zafi man ya sake tsattsafowa. Ya kwance bututun, ya karkata shi a tafin hannunsa, kan ƙusar ya faɗo. Ya ce, "Yaushe?" Na ce wata biyu saura kaɗan. Ya ce, "Da sanin ka?" Na ce da sanina.

Na dama ya ƙi fita. Sai da suka sassauta ƙarfen mai haƙora ta ɗan ramin da ke baya, suka yi ta bugu da guduma, don garnitir sun ci cikin tambur sun yi masa gaɓa a baki. Da ya fita, wani yaro ya kai baki zai hure ƙurar, dattijon ya daka masa tsawa, ya sa aka kawo tsumma da ruwa. Ya ce tsofaffin garnitir da na araha da yawa akwai asbestos a cikinsu, ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, kuma sai bayan shekaru take nuna kanta. Da aka goge, sai ga abin da ke gurzo tun bazara. A ɗaya daga cikin garnitir biyun babu sauran abin gogayya ko kaɗan, ƙarfe ne tsirara yana ƙyalli, gefensa ya yi shuɗi don zafi. Cikin tambur kuwa ya yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa.

Ya ɗauko sabon garnitir ya ajiye kusa da nawa. Na sabon kaurinsa milimita 5 zuwa 6. Ya ce masu ƙera motoci suna sa iyaka wajen milimita 1 zuwa 1.5, amma shi ba ya jira a kai can. Ya zaro tsinken ashana ya kara a gefe, ya ce in nama bai fi kaurin wannan ba, a cire. Ya juya tambur ya nuna mini wasu lambobi da aka zuba a jikin ƙarfen, waɗanda ban taɓa lura da su ba: iyakar faɗin da cikinsa zai kai. In zanen bai yi zurfi ba ana kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe su share, muddin bai wuce wannan lamba ba. In ya wuce, ƙarfen ya yi siriri, da ya ɗau zafi sai ya buɗe ya guje wa garnitir, ka taka ka ji babu. Nawa ya wuce. Ya ce kuma ba a canza ɓangare ɗaya a bar ɗaya, ko da ɗayan da saura, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe. Silinda ma biyun ya sa na saya, da sifirin, ya zubar da tsohon mai gaba ɗaya, don man birki yana tsotsar danshi, shekara biyu ta ishe shi.

Na tambaye shi don me ba a yi na baya irin na gaba ba, mai faifai, wanda ko ta tsakanin ramukan wili kana hango kaurin filaket. Ya ce tambur ya fi araha, ya fi riƙe mota a tsaye da birkin hannu, kuma a rufe yake, taɓo da tsakuwa ba sa samun sa kai tsaye. Gaskiya ne, shi ya sa dabarar da Louis Renault ya fito da ita a Faransa tun 1902 har yau tana ƙarƙashin motocin kaya. Sai dai rufin da ke kare shi shi ne ke ɓoye shi. Abin da ya shiga ba ya fita da wuri, ruwan kwari ne ko rairayi ko mai, kuma ido ba ya ganin komai sai an cire taya an zare tambur. Dattijon ya ce motar da ke bin hanyoyinmu a buɗe ta sau biyu a shekara, in damina ta ɗauke kafin lodin kaka, da kuma ƙarshen rani. Buɗewar ba ta kai awa ɗaya ba. Ya tsaya yana goge hannu, sannan ya ce, "Na ji an ce yaro ne ya shiga gabanka." Na ce haka aka ce. Ya ce, "To." Bai ƙara ba.

Kayan sun iso daga Damagaram, aka gama aiki. Ranar da ta cika kwana tara muka koma Bande da asuba. Na sa aka ɗora buhu 18 ɗin nan duka, ba don zan tafi da su haka ba, 6 daga ciki a shagon na mayar da su daga baya. So nake in san abu ɗaya, kuma ba na son in sauƙaƙa wa kaina awon. Na sa ɗan ƙanwata ya tsaya can gaba ya tabbatar hanya ba kowa. Na koma baya na taho, allura a kan 80. Ina daidai gawon na taka.

Motar ta zauna gaba da baya lokaci ɗaya, ba ta karkata ko'ina ba, ta tsaya. Na fito. Inda aka yanka san har lokacin ƙasar gefen kwalta baƙa ce, ga ɓawon rake da tayoyi suka niƙe. Na taka daga bamba zuwa wurin ina ƙirgawa. Taki 14. Ɗan ƙanwata ya biyo ni a baya shi ma yana ƙirga nasa, ya ce shi 15 ya samu.

Muka bar motar a nan muka gangara ƙauyen a ƙafa. Na sami uban a ƙofar gida yana gyaran igiya, san da ya rage yana ɗaure shi kaɗai a turke, amalanken a jingine. Muka gaisa, ya sa aka kawo tabarma da ruwa. Na ce, "Malam, na zo da magana, kuma ina so mai gari ya ji, don a gabansa na yi shiru." Aka kira shi, mutum biyar ko shida suka biyo shi. Na faɗi duka, tun daga birkin hannu har ƙusar, da yawan buhunan, da takin da na ƙirga da safen nan. Na ce kuɗin sa a wuyana yake, wanda ya kai wancan, shi zai zaɓa a kasuwar da ya ga dama, kuma kafin sabon ya horu kuɗin ɗaukar rakensa ni zan biya.

Ba wanda ya yi magana na ɗan lokaci. Uban yana ta juya igiyar a hannunsa. Da ya ɗago, ba maganar sa ya yi ba. Ya ce, "Alhaji, ba ni za ka gaya wa ba. Kwana tara ke nan ban amsa gaisuwar yaron nan ba." Ya juya ya ƙwala kira cikin gida.

Yaron ya fito, hannu a rataye da ƙyalle a wuya, ya durƙusa nesa da tabarmar, kansa a ƙasa, kamar mai jiran a sake yi masa faɗa a gaban baƙi. Na matsa kusa da shi na sake faɗa, da kalmomin da zai gane: birkin motata ba shi da lafiya, na sani, na hau hanya da shi. Ya yi shiru. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Baba, ai ni ma ban tsaya na duba ba."

Na ce, "Na sani. Amma na hango ka tun daga gawo."

Ya ce, "Da birkin na da lafiya, da ka tsaya?"

Na ce, "Da na tsaya. Da sauran taki 14."

Sai ya ɗago kai, ba ni ya duba ba, ubansa ya duba.